Madubin Bindigar Badamasi

Gandun Sada, ƙasar Haɗeja
12 ga Janairu, 2025

Zuwa ga 'yar'uwata Awadiyya, a birnin Alƙahira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Shahd. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar matata Indo da ke damunta in an yi sanyi, sai kuma idona na dama da ya fara yi min rowa.

Ni ne Badamasi ɗan Muslim ɗan Sada. Ina zaune ina goge bindiga maƙwabcina ya shigo da waya a hannu, ya ce 'yarsa Malama Nana Fatima da ke karatu a wajenku ta gamu da wata mai sayar da abinci a unguwar Hayyin Ashir tana Hausa, wai kakarta Fatu ce 'yar Haɗeja, wadda ta tafi hajji a ƙafa ba ta dawo ba. Sai da na ajiye bindigar. Kakana Sada ya rayu ya mutu yana ambaton ƙanwarsa Fatu. Duk shekara in alhazai sun dawo sai ya bi su gida gida yana tambaya ko sun ga wata doguwa mai wushirya, mu kuwa yara muna yi masa dariya. Ashe a Sudan ta yada zango har ta haifi mahaifiyarki. Na gode wa Allah da ya nuna min wannan rana. An kuma ce mijinki Hasan ya rasu kafin ku baro Omdurman. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Nana Fatima ta ce kin iya ajami, shi ya sa na rubuto da hannuna. Ita za ta riƙa ɗaukar hoton takardunmu tana turowa. Ni ba na iya yi wa waya magana, sai in ji kamar ina hira da bango.

Yanzu bari in sanar da ke matsayinki, kada ki ce ba a gaya miki ba. Ni jikan namiji ne, ke jikar mace, wato mu taubasai ne. A wajenmu taubashi na da izinin ya tsokani ɗan'uwansa son ransa, ya kushe girkinsa, ya aike shi inda ya ga dama, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ke jin kunya a cikin dangi. Shekara tamanin ba a tsokani gidanku ba, to ki ɗaura ɗamara.

Ga aikenki na farko. Ni maharbi ne, sana'ar gidanmu ke nan. Bana wani Alhaji ɗan Kano mai farautar sha'awa ya zo na zaga da shi fadama kwana huɗu, da zai tafi ya bar min bindigarsa ta iska, irin ta harbin tsuntsu. Tana da gurbin da ake ɗaura madubi a samanta, mai jawo abu na nesa ya zo kusa, amma ba madubin. Ya ce a Masar akwai su a shagunan kayan farauta. Idona ya yi rauni, zabin daji sun fara raina ni. Ki nemo min, Nana Fatima ta taho da shi in za ta zo hutu.

Indo na gaishe ki da kyau.

Taubashinki,
Badamasi

Hayyin Ashir, Alƙahira
25 ga Janairu, 2025

Yaya Badamasi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi, sai mura da Shahd ta yi ta warke. Allah ya sawwaƙe wa Yaya Indo gwiwa, a shafa mata man ridi da ɗumi, haka muke yi.

Da Nana Fatima ta nuna min takardarka ina cikin juya kisra, wainar nan tamu mai faɗi da nake sayarwa a gefen masallaci. Na bar ɗaya ta ƙone ƙurmus ban sani ba. Ka yi haƙuri da Hausata, ta tsufa a bakina, Larabci ya shiga cikinta ko'ina. Kakata ce ta koya min ita tare da ajami. Mu Habboba Fatna muke ce mata, wato Kaka Fatu, kuma gaskiya ne tana da wushirya. Ba ta taɓa cin kifin Nilu ba tare da ta ce bai kai na Haɗeja ba. Tana yawan maganar yayanta Sada, wai shi ya saƙa mata igiyar da ta ɗaure kayanta ranar tafiya. Na zaci labarin tsofaffi ne kawai. Yau ga jikan Sada yana kirana 'yar'uwa.

Ban san yadda zan gode maka ba. Tun da muka iso ƙasar nan ba wanda ya tambaye ni 'yar wace ce ni, sai dai lambar katina na gudun hijira. Muna zaune a hawa na uku, ɗaki ɗaya ni da Shahd, ɗayan wasu mata biyu 'yan garin Madani na Sudan. Mahaifiyata ta rasu tun da daɗewa, ƙannena sun watse, ɗaya yana Chadi, ɗaya ban san inda yake ba. A wajen uwa kai kaɗai na sani yanzu. Na gaya wa Shahd muna da gida a wani gari mai fadama, ta ce in nuna mata a taswira, muka yi ta nema ba mu ga Gandun Sada ba, ta ce ko dai ƙirƙirarka na yi.

Wasan taubasai na taɓa jin sunansa a bakin Habboba, amma ban taɓa samun wanda zan yi da shi ba. Na karɓa. Sai dai ka bi ni a hankali, ni sabuwar shiga ce.

Maganar madubi kuwa, na karanta ta sau biyu. Ba na son abin da ya shafi bindiga, Yaya. Amma wannan ne abu na farko da ɗan'uwa ya roƙe ni, kuma ina tsoron in ce a'a ka ga kamar ban ɗauki zumuncin da daraja ba, ka daina rubutowa. Zan nema. An ce akwai irin shagunan a tsakiyar gari, zan shiga jirgin ƙasa in je ranar da ba na fita sana'a. Ka turo min bayanin irin wanda kake so.

Ƙanwarka,
Awadiyya

Gandun Sada
3 ga Fabrairu, 2025

Taubashiya,

Sallama da gaisuwa. Lafiya muke. Indo ta shafa man ridi ta ce ta ji dama, yanzu kullum maganarki take yi kamar tare kuka tashi.

Ashe jikar Fatu matsoraciya ce. Matar da ta taka daga Haɗeja har Sudan da ƙafarta, a ce jikarta na tsoron shagon kayan farauta? Ke da kika ga yaƙi da idonki, 'yar bindigar harbin kurciya ce za ta kaɗa miki hanji? Na karanta wa abokaina maharba wannan layin a gindin tsamiya, sun yi dariya har Sarkin Baka ya ƙware. Kuma na ji kina ƙona kisra. Haka dai gidan mace yake, ba a iya girki ba, ba a iya jarumta ba.

Ga bayanin. Alhaji ya rubuta min lambobi, uku zuwa tara, sannan arba'in. Ki nuna wa mai shago, zai gane. Ki tabbata na bindigar iska ne, kuma ya haɗa miki da zobba biyu da ake ɗaure shi da su.

In kin je ki ce ya bari ki leƙa, don ki san abin da nake wa wannan zumuɗi. Ranar da na leƙa na Alhaji, wata kurciya ce a kan giginya, nesa ƙwarai, da idona ɗigo kawai nake gani. Ina sa ido sai ga ta a gabana, tana gyara gashin wuyanta, har ƙwayar idonta ina gani, ga wasu layuka biyu siriri sun gitta a kan ƙirjinta. Daɗin abin ke nan, kana ganinta sarai ita ba ta san kana duniya ba. Shekara arba'in ina rarrafe cikin ƙaya don in kusanci nama, ashe wasu suna zaune nama ke zuwa musu.

Ki gaida Shahd, ki ce mata Gandun Sada na nan, masu taswira ne ba su iya aiki ba.

Ubangidanki a wasa,
Badamasi

Gandun Sada
9 ga Afrilu, 2025

Ƙanwata Awadiyya,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da salla. Allah ya karɓi ibadunmu. Muna lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Wata biyu ke nan da kwana shida da na rubuto miki, ban ga rubutunki ba. Azumi ya zo ya wuce, na ce hidima ce. Salla ta wuce, shiru. Na sa an tambayi Nana Fatima, ta ce kina fitowa sana'a, amma kin rame, kuma in ta ce ko akwai takarda sai ki ce ba yau ba.

Indo ta wanke ni tas. Ta ce mace ta baro ƙasarta da marainiya, tana tsaye a bakin wuta tun safe, ka same ta bayan shekara tamanin, abin da ka fara yi shi ne ka miƙa mata hannu a sayo maka kayan wasa. Ta ce yanzu kin ɗauke ni irin dangin nan da ba sa tuna mutum sai sun ji yana ƙasar waje. Na yi mata gardama, amma da na zauna ni kaɗai sai na ga da gaskiyarta. Ko kuma maganar girkin ce ta ɓata miki rai? Wallahi ban taɓa cin kisra ba balle in san mai kyau da maras kyau.

Na ce ba a fushi da taubashi, amma ke ba a nan kika tashi ba, ban kyauta ba da na ɗora miki al'adar da ba ki saba da ita ba. Ki bar maganar madubi, na yafe shi. Zabin daji su yi ta raina ni. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a ce Sada ya nemi Fatu har ya mutu, ni kuma na samu jikarta na kore ta da bakina cikin wata ɗaya.

Ko layi biyu ne ki rubuto in san kina lafiya.

Yayanki,
Badamasi

Hayyin Ashir
20 ga Afrilu, 2025

Yaya,

Wa alaikumus salam, barkanmu da salla. Jikinmu lafiya. Ka gaya wa Yaya Indo ta sassauta maka, ba aiken ba ne, ba kuma girkin ba. Na gode da ka neme ni. Da ka yi shiru kamar yadda na yi, da ban san ranar da zan iya ɗaukar alƙalami ba.

Na je shagon tun a watan Fabrairu. Sau biyu ina isa ƙofa ina juyowa, a na uku na shiga. Mai shagon wani dattijo ne, Ammu Ayman, shi ma maharbi, ya ce duk hunturu yana zuwa Fayyum harbin agwagwa. Da ya ji saƙon na wani maharbi ne a Najeriya sai murna ta kama shi, ya sa aka kawo min shayi, ya yi ta nuna min sababbin kaya. Ga tabarau mai gaya maka nisan abu da lamba, ga abin toshe kunne, ga riguna masu launin ciyawa. Na nuna masa lambobinka ya ce tamam, wato daidai, ya ciro madubin daga kwali. Ba a kan bindiga yake ba, a hannu ya ba ni. Ya ce, "Leƙa titi, ya Hajja, ki ga abin mamaki." Na tuna ka ce in leƙa, na leƙa.

Can tsallaken titi wani mutum ne ɗauke da faifan burodi a ka. Sai ga shi a gabana. Na ga gumi a wuyansa. Na ga maɓallin rigarsa ɗaya da aka ɗinke da zare na wani launi. Na ga bakinsa na motsi, waƙa yake yi ko tasbihi. Layukan nan biyu suna kan ƙirjinsa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ammu Ayman yana ta ma'alish, ma'alish, wato sannu, yana yayyafa min ruwa, bai san me ya faru ba.

Na bar kowa ya ce Hasan ya rasu, ban taɓa faɗin yadda ya rasu ba. Malamin firamare ne, shekararsa hamsin da biyar, kansa duk furfura. A wata na uku na yaƙi ruwa ya yanke a unguwarmu. Wata safiya ya ɗauki jarka ya tafi rijiyar masallaci a ƙarshen layi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonsa yana dawowa, saura kamar taku ashirin, ya faɗi. Daga saman wani dogon bene aka harbo, can nesa. Maƙwabta suka ce harsashi ne ya ɓace hanya, wanda ya harba bai ma san da shi ba. Shekara biyu da wannan maganar nake rayuwa. Ina cewa daga wannan nisa ba a gane mutum, wata inuwa ya gani ya tsorata. A shagon nan na ga abin da ake gani.

Akwai abu na biyu, shi ya fi ci min rai. Da ya faɗi na yunƙura zan fita, maƙwabciyarmu Mahasin ta fizgo ni ta rufe ƙofa, don duk wanda ya taka layin ana harbinsa. Tun wajen ƙarfe takwas na safe har bayan la'asar muna bayan ƙofar, na danne Shahd a jikina. Sai da harbi ya lafa maza suka ɗauko shi. Ban sani ba, Yaya, ko ya yi awa ɗaya yana da rai, ko biyar. Ko ya kira ni. Ko yana kallon ƙofarmu yana jiran in buɗe.

Ban rubuto ba don ka ce wanda ya yi fushi shi ke jin kunya, ni kuma ban iya mayar da wasa ba, ban kuma iya yin kamar ba komai ba. Na ji tsoron in na faɗa maka wannan za ka ga na yi maka nauyi.

Duk wanda na tambaya lallashina yake yi. Kai ka san bindiga. Ka gaya min gaskiya, ko mai ɗaci ce. Wanda ya harbe shi ya gan shi? Kuma ya daɗe?

Awadiyya

Gandun Sada
22 ga Afrilu, 2025

Ƙanwata,

Sallama. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta takardarki, na kasa cin abinci. Kunyar abin da na rubuta miki kan kurciya za ta bi ni har kabari. Ki yafe min. Amma ba ban haƙuri kika nema ba, amsa kika nema, kuma ba zan ba ki ita da ka ba.

Zan yi miki tambayoyi masu zafi. Ki daure ki amsa abin da kika gani da idonki kaɗai, abin da ba ki gani ba ki ce ba ki gani ba.

A ina harsashin ya same shi? Da ya same shi, ya ƙara taku ko ya juya, ko kuwa nan take ya zube? Faɗuwarsa kika fara gani ko ƙarar kika fara ji? Layin naku kwalta ne ko ƙasa? Jarkar a rufe take ko a buɗe, kuma ina ta faɗi? Da aka je ɗauko shi kin bi su? In kin bi su, yaya ƙasar da ke kewaye da shi take, musamman wajen hannuwansa da dugadugansa?

Kada ki yi gaggawa. Ina nan.

Yayanki,
Badamasi

Hayyin Ashir
1 ga Mayu, 2025

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na yafe maka, ba ka sani ba ne. Kwana tara ina ɗaukar takardarka ina ajiyewa. Ba wanda ya taɓa tambayata waɗannan abubuwa, kowa cewa yake in manta.

Waɗanda suka yi masa wanka sun ce a bayan wuya ne, daidai inda wuya ya haɗu da kai. Bai ƙara taku ba. Yana tafiya sai kawai ya zube a kan fuskarsa, kamar an zare masa ƙafafu. Sai da ya kai ƙasa na ji ƙarar, wannan na tabbata, don na ɗauka tuntuɓe ya yi har na buɗe baki zan ce sannu.

Layinmu ƙasa ne, jar ƙasa mai laushi. Jarkar ba ta da murfi, da leda yake toshe ta. Ta faɗi a gefensa ta dama, ruwan duk ya tsiyaye ya kewaye shi.

Na bi su. Ruwan ya zama laka, rana ta busar da ita, ta yi sumul ta tsattsage kamar gindin tafki. Hannunsa na dama na cikinta har wuyan hannu, sai da aka ɓamɓare. Da aka ɗaga shi siffar yatsunsa biyar ta fito a ƙasa, kowanne daban, kamar an zana. Wajen ƙafafunsa ban ga komai ba sai takalminsa, duka biyu suna ƙafarsa. Wannan hoton yatsun shi nake gani kullum, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Abin da na gani ke nan.

Awadiyya

Gandun Sada
4 ga Mayu, 2025

Ƙanwata Awadiyya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna yi muku addu'a. Ki gafarce ni da zan auna mutum mai daraja da abin da na koya a wajen dabbobi. Ni ba likita ba ne, kuma sanin gaibu na Allah ne. Amma karatun ƙasa shi ne aikina tun ina saurayi, kuma abin da kika rubuto a fili yake.

Tambayarki ta farko. E, ya gan shi. Wanda ya sami wannan gurbi daga wannan nisa ba kuskure ya yi ba. Ya ga furfurar, ya ga jarkar. Ba zan yi miki ƙarya ba. A ƙa'idarmu ta maharba ko gada ba a harbi in ta zo shan ruwa, wanda ya yi haka ba ya sake zama a cikinmu. Wannan mutum ya yi wa ɗan Adam abin da ba ma yi wa dabba, kuma zai tsaya gaban wanda ya gan shi shi ma.

Ta biyu kuwa, ki saurare ni da kyau. Bai daɗe ba. Duk abin da aka sama a wannan gurbi ba ya ƙara taku, haka yake zubewa, kuma kafin ya kai ƙasa an gama. Harsashin irin wannan bindiga yana riga ƙararsa isowa, shi ya sa kika ga faɗuwa kafin ki ji. Ke kin ji ƙarar. Shi bai ji ta ba.

In kina shakkar maganata, ki koma ga lakar. Abu mai sauran rai ba ya kwanciya shiru. Yana shure ƙasa da dugadugi, takalmi ya fita, yana damƙar abin da ke hannunsa. Na ga wannan sau ɗari. Da Hasan ya motsa yatsa ɗaya bayan ruwan ya jiƙa wurin, da lakar ta dame, da ba ki ga yatsu biyar kowanne daban ba. Ruwan nan ya tsiyaye cikin ɗan lokaci kaɗan, ya sami hannun da ya riga ya natsu, ya bushe a kansa haka. Hoton da ke hana ki sukuni shi ne shaidarki.

Bai kira ki ba, ƙanwata. Bai jira a buɗe ƙofa ba. Abin da ya gani na ƙarshe shi ne gidansa saura taku ashirin, da matarsa a tsaye tana jiransa, ga ruwa ya samo. Da kin fita, da Shahd ba ta da kowa yau. Allah ya saka wa Mahasin da alheri.

Ranar Juma'a liman zai yi wa Hasan addu'a a masallacinmu, Indo za ta yi waina a raba. Surukin gidan Sada ne, haƙƙinsa ne. Madubi kuwa kada ki sake taka shagon nan saboda ni.

Yayanki,
Badamasi

Hayyin Ashir
16 ga Mayu, 2025

Yaya Badamasi,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, lafiya ta gaske wannan karon. Ina cin abinci, matan ɗakinmu har sun fara yi min tsiya. Ka gode min Yaya Indo da liman da duk wanda ya ce amin.

Amsarka ta farko ta yi min zafi, na yi kuka kwana biyu. Amma da ka lallashe ni a ta farko, da ban yarda da kai a ta biyu ba. Na yarda. Na rufe ido na koma layinmu na duba lakar nan da kaina, ba inda ta dame. Allah ya saka maka, Yaya. Likitoci sun ba ni magani, malamai sun ba ni haƙuri, duk na gode musu, amma ba wanda ya tambaye ni yadda ƙasa take.

Na saɓa maka a abu ɗaya, na koma shagon. Na je ba Ammu Ayman haƙurin tsoron da na ba shi, na gaya masa dalili, sannan na sayi abin da ka aike ni. Madubin yana wajen Nana Fatima da zobbansa biyu, Ammu Ayman ya ce ta riƙe takardar shagon a hannu ko za a tambaye ta a filin jirgi. Ban sake leƙawa ba, ba kuma zan sake ba. Amma na fi son ya zauna a hannun mutumin da ba ya harbi a bakin ruwa. Kada ka ce ba ka so, aikena ka yi na cika.

Akwai abin da ban sani ba sai makon jiya. Na zaunar da Shahd na karanta mata takardarka, don ban taɓa yi mata maganar ranar ba, ina ganin yarinya ce, shekararta goma sha huɗu a lokacin. Ina kaiwa wajen da ka ce bai kira ba sai ta riƙe hannuna. Ashe tun ranar take ganin kamar ta ji muryarsa yana kiran sunanta ta bayan ƙofa, ta ɓoye min don kada in ji ciwo. Shekara biyu muna kwana a katifa ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗaya abu guda. Ta sa na maimaita mata maganar lakar sau uku. Daga nan ta tashi ta wanke fuska, ta ce yunwa take ji.

Ta ce in tambaye ka ko za ta iya ce maka Kawu. Na ce mata ai wannan ba sai an tambaya ba. Ta ce a'a, a rubuta, tana son ta ga amsar da hannunka.

Ƙanwarka mai godiya,
Awadiyya